Yadda ake ɗaukar hoto da faɗuwar rana ba tare da fuska ta yi duhu ba

A lokutan Sallah da na biki, jama'a kan hau Dutsen Dala a Kano ko su je bakin Tafkin Jabi a Abuja domin ɗaukar hoto dab da faɗuwar rana. Sai dai sau da yawa idan aka duba, sama ta yi jajawur gwanin sha'awa, amma ango da amarya sun zama inuwa, ba a gane fuskar kowa. Ga shi ranar biki ba ta dawowa.

Matsalar ita ce kyamara ba ta kai ido iya haɗa haske da duhu a lokaci guda ba. Idan ta auna hasken sama, fuska ta yi baƙi. Idan ta auna fuska, sama ta yi fari fat. Abin ya fi tsanani ga mai duhun fata.

Ƙwararrun masu hoto kan fara saita kyamara daidai da hasken sama, sannan su ƙara wa fuska nata hasken da filasha, wadda ake ajiyewa a gefe, sama da kai kaɗan. Nisa na da muhimmanci: idan aka ninka tazarar filasha da mutum, hasken da ke isa gare shi kan ragu zuwa kashi 1 cikin 4. Kuma da yake hasken filasha fari ne, na yamma kuwa ja-ja, akan rufe bakinta da leda ruwan goro domin launukan su dace.

Mai waya ma yana da mafita. Wani ya tsaya gaban wanda za a ɗauka riƙe da farin kwali ko tiren silba, ya mayar da hasken rana kan fuskarsa. Sai a kunna HDR, a taɓa fuskar a allon waya, a ɗan rage haske har launin sama ya dawo. Filashar waya kuwa sai an matso kusa take amfani.

Sauran aiki na lokaci ne. A ƙasar Hausa rana ba ta daɗewa a bakin faɗuwa, kuma a lokacin hunturu hazo kan haɗiye ta tun ba ta kai ƙasa ba. Shi ya sa ake zaɓar wuri a gwada haske tun bayan la'asar, domin da an kira magariba, aiki ya tashi.