Ziyarar Wurno: Hubbaren Bello da Tudun Ribaɗi

A ƙasar Sakkwato, idan dattijo ya ce zai tafi ziyara, bai ƙara kome a kai ba, to, ba gaisuwar dangi yake nufi ba. Nufinsa zai je ya tsaya gaban kabarin wani daga cikin shugabannin jihadi, ya yi sallama, ya yi addu'a, ya komo gida. Mu nan Jabo da kewayen Tambuwal wurare uku aka fi ambata, watau Hubbaren Shehu a Sakkwato, da na Malam Abdullahi a Gwandu, da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno. Na ukun shi ne mafi nisa gare mu, shi ne kuma wanda masu ziyara suka fi yi wa gurguwar fahimta. A kansa wannan maƙala za ta tsaya.

Mai fita daga wajenmu zai bi hanyar Shagari da Boɗinga har ya shiga Sakkwato, sa'an nan ya miƙe arewa maso gabas. Daga birni zuwa Wurno a da tafiyar yini ce a ƙasa. Garin yana bisa wani tudu mai jan dutse, ƙarƙashinsa kuwa fadamar gulbin Rima ce shimfiɗe iyakar ganin ido, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tudun ba wani tsawo gare shi ba, wanda ya taɓa ganin Kwatarkwashi ba zai ko kira shi dutse ba. Amma a ƙasa mai lebur irin tamu, kamu kaɗan na tsawo ya isa ya ba mutum ganin abin da ke tafe tun daga nesa.

Tilas mu tsaya kan wannan batu na tudu, domin a nan ake samun ruɗani. Bahaushe ya daɗe yana girmama duwatsu. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da ke zaune bisa Dala, mutane suna kawo baƙaƙen dabbobi domin Tsumburbura. Haka Kufena take a Zazzau, haka Kwatarkwashi a Zamfara. A waɗannan wurare dutsen kansa ake jin tsoro, saboda iskokin da aka yi imani suna zaune a cikinsa. Irin wannan yanka ga duwatsu da itatuwa yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ya soka a littafinsa Nurul Albabi. Saboda haka kuskure ne babba mutum ya ɗauka tudun Wurno ɗan'uwan Dala ne. Ba domin wata albarka da ke cikin dutsen Bello ya zaɓe shi ba. Domin tsaro ya zaɓe shi.

Ga yadda abin ya faru. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya sami kansa tsakanin abokan gaba: Kabawa daga yamma, Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa daga arewa da gabas. Kwarin Rima kuwa shi ne ƙofar da mahara za su bi su iso Sakkwato. Dabarar da ya yi ita ce kafa ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, inda mayaƙa za su zauna da iyalinsu, su yi noma, su yi karatu, su kuma tsare hanya. Ya fara zama a Magariya, daga baya, wajen ƙarshen shekarun 1820, ya gina Wurno ya mai da ita mazauninsa. Ya ma rubuta littafi a kan hukuncin ribaɗi da falalarsa. Bai tsaya ga kansa ba, ya rarraba 'yan'uwa da 'ya'ya a kan iyakoki. Tambuwal ɗin nan tamu ribaɗi ce, ɗan'uwansa Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a cikinta yana fuskantar Kabi. Ashe ke nan mutumin Jabo da ya je Wurno bai je baƙon wuri ba, ya je uwar ɗakin garin hakiminsa ne na da.

A wurin malaman wancan zamani zaman ribaɗi ibada ne, wanda ya mutu a cikinsa kuwa ana kyautata masa zaton lada mai gudana. Wannan shi ya bayyana abin da ke ba wasu mamaki, cewa Sarkin Musulmi guda, wanda shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ba a rufe shi kusa da mahaifinsa ba. A 1836 ya fita da kansa ya karya rundunar Gobir da Maraɗi da Azbinawa a Gawakuke. Shekara guda bayan haka, cikin Rajab na 1253, daidai da Oktoba 1837, ya rasu a Wurno, aka rufe shi nan inda ya zaɓa ya zauna. Ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, mijinta Waziri Giɗaɗo kuma ya tattara labarin halayensa da karamominsa a rubuce. Waɗannan rubuce-rubuce suna cikin abin da ya sa sunan kabarin ya bazu.

Garin bai mutu da mutuwarsa ba. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a Wurno ya fi zama, can kuma Bature ɗan Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarimu, ya sauka a 1853. A 1885 wani Baturen Birtaniya, Joseph Thomson, ya iso nan neman yarjejeniyar ciniki daga Sarkin Musulmi Umaru. Sai da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sa'an nan mulki ya tattara ya koma birni ɗungum, Wurno ta zama garin hakimi mai sarautar Sarkin Sudan.

To, me mai ziyara yake yi idan ya isa? Ladubban ba su da yawa, kuma duk ɗaya ne da na kowane kabarin Musulmi. Mutum ya tuɓe takalmi, ya rage murya, ya yi sallama ga mamaci, ya roƙa masa gafara, ya tuna shi ma nan ya nufa. Yawanci akan ba masu kula da wurin sadaka. Ina tune da yadda tsofaffin mata na wajenmu kan haɗa guzuri bayan an kau da amfanin gona, su tafi a ƙungiya, su dawo ana yi musu barka da zuwa kamar waɗanda suka yi wata doguwar tafiya. Wannan ɗabi'a ta tafiyar mata a ƙungiya tana da tushe a tsarin 'yan taru da Nana Asma'u ta kafa, inda jaji kan jagoranci matan ƙauye zuwa neman karatu.

Gardama kuwa ba ta ƙare ba. Tun bayan kafa ƙungiyar Izala a 1978 wasu malamai suke sukar yin tattaki zuwa kaburbura da kamun ƙafa da mamata, malaman Ƙadiriyya da Tijjaniyya kuma suna kare shi da nasu hujjoji. Ba aikin wannan mujalla ba ne ta raba wannan faɗa. Abin da dai za a iya faɗa shi ne, shafar kabari da ɗibar ƙasarsa domin magani, wanda wasu jahilai kan yi, Shehu da kansa ya lissafa irinsa cikin bidi'o'i. A ganina kuma akwai wata asara da ɓangarorin biyu ba su cika kula da ita ba. Mutum ya sha wannan tafiya, ya shiga hubbare, ya fito, ya hau mota, bai ko taka zuwa bakin tudu ya dubi fadama ba, bai tambayi ta ina Gobirawa kan ɓullo ba, bai nemi a nuna masa inda ganuwa ta bi ba. Irin wannan ya ga kabarin Bello, amma abin da ya kawo Bello wurin ya wuce shi.

Yau kuma wata matsala ta danne waɗancan duka. Tun wajen 2020 'yan bindiga suka addabi gabashin jihar Sakkwato, daga Isa da Sabon Birni har Gwaranyo da Raɓa da ƙauyukan Wurno kanta, watau daidai ƙasar da aka gina ribaɗin domin ta. Mai niyyar zuwa daga wajenmu yanzu sai ya fara tambayar direbobi a tasha labarin hanya, ya yi sammako, ya kuma tabbata ya baro garin tun rana ba ta yi sanyi ba. Da yawa daga cikin tsofaffinmu sukan tsaya a Hubbaren Shehu, su yi wa Bello addu'a daga can, su juyo.