Daga Rairayin Dannet Zuwa Tsibiran Teku: Wane Jirgi Ya Kamata a Hau?

Tsakanin Arlit da tashar jiragen ruwa ta Kwatano akwai tafiyar kilomita kusan 2,000. Bayan da kamfanin SOMAÏR ya fara haƙo yuraniyom a 1971, ta nan aka riƙa fitar da shi: manyan motoci su bi ta Agadas da Tawa, su tsallaka kogi a Gaya, su sauke a Paraku, jirgin ƙasa ya ƙarasa da kayan bakin teku. Mutane ma sun bi sawun kayan. Akwai ƴan kasuwar da ke zuwa Kwatano da Lome sayen motoci, da ɗaliban da ke karatu a Dakar, da tsoffin ma'aikatan COMINAK da suka bazu neman abinci bayan rufe mahaƙar Akokan a Maris na 2021. A cikinsu akwai ƴaƴan makiyayan Dannet ta yankin Arlit, waɗanda ruwan da suka sani shi ne na rijiya da na ƙorama in damina ta yi kyau.

Irin wannan baƙo, da ya tsaya a bakin teku, ba a ɗaukar lokaci wani zai tare shi da hotuna a waya, ya ce akwai jirgin da zai zaga da shi tsibirai uku kafin la'asar, har da gasasshen kifi. Yawon yana da daɗi, kuma ya cancanci kuɗinsa. Amma a nan ne ake yin zaɓin da mutane da yawa ke yi da ka.

Mutumin Abzin ba baƙo ba ne a irin wannan zaɓi. Wanda zai ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma ba ya tambayar kuɗi tukuna. Sai ya san wane ne madugun, sau nawa ya bi hanyar, nawa ne guzurin ruwa. Haka ya kamata ya yi a gaɓar teku, domin tsibirin ba ya gudu, yana nan yadda aka gani a hoto. Abin da ke bambanta tafiya da tafiya shi ne jirgin da matuƙinsa.

Dakar ta fi sauƙi ga wanda bai taɓa hawa ruwa ba. Tsibirin Gore yana da nisan kilomita uku kacal daga birnin, kuma babban jirgin fito ne ke kai mutane, mai tikiti da lokacin tashi, cikin kamar minti 20. A can ne Gidan Bayi yake, wanda ya sa UNESCO ta saka tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Babu mota a Gore, da ƙafa ake zagaya shi. Kuɗin tikiti ya bambanta tsakanin ƴan ƙasa da sauran ƴan Afirka da Turawa, don haka a riƙe katin shaida a aljihu. Tsibirin Ngor kuwa kwale-kwale ne ke tsallakawa da mutane cikin ƴan mintuna, ga rairayi mai laushi da ruwa mai kwanciya a ɓangaren da ke fuskantar gari. Na uku, tsibiran Madelen, daban suke: gandun ƙasa ne tun 1976, ba kowa a kansu sai tsuntsaye, ba shago, ba ruwan sha, inuwa ma sai ta gajerun kukoki da iska ta kwantar. Idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, matuƙa na fasa zuwa. Wanda ya fasa ɗin shi ne abin yarda, kada a ji haushinsa.

A Konakiri ne ake yin ainihin tsalle daga tsibiri zuwa tsibiri. Tsibiran Los uku ne manya, Kasa da Rum da Tamara, kuma daga tashar masunta ta Bulbine kwale-kwalen inji ke tashi. Suna hannun Ingila har 1904, sannan aka miƙa su ga Faransa. Ana iya biyan kuɗin fito tare da mutanen tsibiran, ko a yi shatar jirgi na yini ɗaya. Fito ya fi araha, sai dai ba ya tashi sai ya cika, wani lokaci har ya wuce cika, ga buhunan shinkafa da jarkokin mai a ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Shata ta fi tsada, amma in mutum shida ko takwas suka haɗa kuɗi sai ta zo da sauƙi, kuma su ke da ikon cewa kada a ƙara kowa. A tuna cewa sefa ba ta aiki a Gini, ƙasar tana da nata faran, saɓanin Senegal da Benin da Gini Bisau.

Gini Bisau ɗin ce ke da tsibiran Bijagos guda 88, waɗanda kusan 20 ne kawai ake zaune a kansu. A Orango akwai dorinar da ke shiga ruwan gishiri, a Poilao kuma kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai. Nan ba wurin yini ɗaya ba ne. Teku na cikowa ya janye sau biyu a rana, kuma janyewarsa a wannan yanki mai yawa ce, har jirgi ya kafe kan yashi ya jira awanni. Matuƙin da bai iya faɗin lokacin cikar ruwa na gobe ba, bai san hanyar ba. Wasu tsibiran kuma wurare ne masu tsarki ga mutanen Bijago, ba a sauka sai da izini.

Lokacin tafiya ma zaɓi ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ruwan sama ya ɗauke a wannan gaɓa. Konakiri na samun ruwan da ya haura milimita 3,500 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba, alhali Arlit ba ta kai 100. Wanda bai taɓa ganin hadarin teku ba, ba zai iya kintata saurin tasowarsa ba.

Batun lodi shi ne wanda bai kamata a yi kara a kansa ba. Ranar 26 ga Satumba, 2002, jirgin Joola ya kife a gaɓar Gambiya yana kan hanyarsa daga Ziginshor zuwa Dakar. An ƙera shi don mutanen da ba su kai 600 ba, amma ya ɗauki kusan 2,000. Alƙaluman hukuma sun ce 1,863 suka rasu, 64 kawai suka tsira. Jirgin gwamnati ne, ba kwale-kwalen masunci ba. A kusa da gida ma, fiye da mutum 100 sun halaka a kogin Kwara kusa da Patigi ta Najeriya a Yuni na 2023, suna dawowa daga biki da dare. Dalilan ba sa canzawa: lodi ya wuce ƙima, tafiyar dare, ba rigar kariya.

Saboda haka kafin a ba da ko dala, a je a ga jirgin da ido, ba a waya ba. A ƙirga rigunan kariya, a gwada ɗaya a jiki, a duba ko akwai na yara. A leƙa cikin jirgin, in wani yaro na ta kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, amsa ta fito. A tambaya ko man ya isa zuwa da dawowa, ko akwai filafili in inji ya mutu, ko akwai rumfa. A yi ciniki da mai jirgin kansa, ba ɗan kamasho ba, a fayyace tsibiri nawa, awa nawa a kowanne, da ko kuɗin shiga gandu da abinci na ciki. Rabin kuɗi a tashi, rabi a dawowa. Tsibirai biyu da aka zauna aka huta sun fi biyar da aka leƙa a guje.

Akwai kuma abin da ya shafi mai iyali. Wasu jiragen ƴan yawon buɗe ido na tafiya da kiɗa da giya, wasu rairayin kuma shigar mutanensu ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Babu kunya a tambaya tun a gaɓa, haka ma batun inda za a yi sallar azahar. Mai fama da jiri ya ci abu kaɗan, ya zauna tsakiyar jirgi, ya riƙa kallon nesa.

Wanda bai iya iyo ba, kuma yawancin mutanen arewacin Nijar ba su iya ba, ya gaya wa matuƙi tun kafin a tashi, ya ɗaura rigarsa da kyau, kada ya kwance ta sai ƙafarsa ta taɓa tudu. In an hana shi riga, ko ya ga ana ƙara mutane bayan kujeru sun cika, ya sauka ko da kuɗinsa ba za su dawo ba.