Kada Ka Auna Gonarka a Fuskar Waya

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a Talata Mafara da Bakura da Maradun,

Kwanan baya membobi biyu na wata ƙungiyar gama kai suka kusa ɓatawa a kan iyakar fili. An aiko musu taswirar filin ta WhatsApp. Ɗaya ya ɗora rula a fuskar wayarsa, ɗayan ya kai shagon buga takardu aka fitar masa, shi ma ya auna. Lissafi bai zo ɗaya ba, kowa ya ce an cuce shi. Alhali ba wanda ya taɓa iyakar.

A ƙasar nan batun iyaka ba wasa ba ne. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, an baje gonaki domin noman rani, shaidun iyaka na dā suka ɓace. Rikicin fili da diyya ya kai ga asarar rayuka a 1980. Don haka ya kamata mu san abin da takarda ke faɗi.

Ga dalilin bambancin. Hoton da ke fuskar waya ko kwamfuta ƙananan ɗigo ne na haske a jere. Kwamfuta takan ɗauka cewa ɗigo 96 ne inci ɗaya. Amma wata fuskar tana da ɗigo 140 a inci, ta waya ma takan wuce 300. In ɗigon sun matsu, hoto ya ƙanƙance. A fuska mai ɗigo 140, in ba a daidaita ba, layin santimita 10 zai fito kamar 7, ko da an rubuta 100% a sama. Ku tuna kuma, faɗin takardar A4 santimita 21 ne, faɗin waya kuwa wajen 7.

Takardar da aka buga ma tana iya ruɗi. Mu A4 muke amfani da ita, tsawonta santimita 29.7. Ta Amurka, wadda wasu injunan ke saite a kai, 27.9 ce. In inji ya matse shafi don ya shiga, sai ya koma kashi 94 cikin 100. A taswira mai ma'aunin 1:2000, santimita 1 mita 20 ce. Iyakar mita 100 ya kamata ta zama santimita 5, sai ta fito 4.7, wato mita 94. In tsawo da faɗi duka sun ragu haka, kadada ɗaya ta rasa kusan kashi 12 cikin 100 a idon mai aunawa.

To, me za mu yi? Na ɗaya, mu dogara ga lambobin da safiyo ya rubuta a jikin kowane layi, domin lamba ba ta ƙanƙancewa. Na biyu, a ce wa mai shago ya buga a A4, a kan 100%, kada ya matse. Na uku, a gwada sandar ma'auni da ke gindin taswira da rula kafin a auna komai. Na huɗu, in gardama ta tashi, a je gonar da tef da dattawa.

Maimaitawar Shari'a 19:14 ta hana mu kawar da shaidar iyakar maƙwabci. Haka kuma kada mu zarge shi da kawar da ita kafin mu tabbata. Sakatarorin ƙungiya, ku karanta wa jama'a wannan a taro mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka.