Yadda Ake Shirya Tafiyar Hutu Zuwa Istanbul Da Wayar Hannu: Tikiti, Masauki, Sufuri Da Abinci

Birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya yana cikin wuraren da matasa suka fi ambata idan ana hirar fita hutu ƙasar waje. Wasu finafinan tarihin Daular Usmaniyya ne suka kwaɗaita musu, wasu kuma labarin 'yan kasuwar da ke saro tufafi a unguwar Laleli. A yau kusan duk shirin irin wannan tafiya ana iya kammala shi a waya, ba sai an bi ta hannun ejan ba.

Sai dai Turkiyya tana da wasu dokoki da suka shafi intanet waɗanda matafiya da yawa ba sa sani sai sun sauka. Akwai manhajojin da ke aiki lafiya a Kano ko Maradi, amma da zarar an shiga ƙasar sai su daina yin abin da aka dogara da su a kai. Wanda ya ce sai ya isa zai nemi ɗaki ko ya sayi data, yana iya tsintar kansa a filin jirgi da tsakar dare ba masauki, ba hanyar kiran kowa. Ga yadda ake bi mataki-mataki.

Biza da fasfo

Mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Turkiyya. Sharuɗɗan suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, don haka ofishin jakadancin Turkiyya da shafukan gwamnatinta ne abin dogaro. Adireshin shafin gwamnatin Turkiyya yana ƙarewa da gov.tr. Wannan yana da muhimmanci, domin idan aka nemi bizar a Google, sakamakon farko yawanci tallace-tallacen dillalai ne, wasunsu kuma shafukan bogi ne da ke karɓar kuɗi da hoton fasfo su ɓace.

Galibi akan nemi shaidar masauki, da tikitin dawowa, da bayanan asusun banki, da inshorar tafiya. Tunda ba a san ko bizar za ta fito ba, zai fi kyau a kama ɗakin da za a iya fasawa kyauta. Fasfo kuma ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A ɗauki hoton fasfo da biza a ajiye a cikin wayar kanta, a kuma tura kwafi wa wani amintacce a gida.

Neman tikiti mai sauƙi

Kamfanin Turkish Airlines yana tashi kai tsaye daga Abuja da Legas zuwa Istanbul, tafiyar da ba ta cika wuce awa bakwai ba. Daga Kano kuwa ana samun jiragen da ke yada zango: EgyptAir ta Alƙahira, Ethiopian Airlines ta Addis Ababa, Qatar Airways ta Doha.

Google Flights da Skyscanner suna jera farashin kamfanoni daban-daban a wuri guda. A Google Flights akwai jadawalin ranaku da ke nuna yadda farashi ke hawa da sauka, kuma sau da yawa matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu kan rage kuɗi sosai. Akwai kuma maɓallin bibiyar farashi, wanda ke aiko da saƙon imel idan tikitin ya sauka.

Abubuwa uku ake dubawa kafin a biya. Na farko shi ne kaya: tikiti mafi arha wani lokaci ba ya haɗawa da babban akwati. Na biyu shi ne yada zango. Idan duk tafiyar tikiti ɗaya ce, kamfanin ne ke da alhakin sauya wa fasinja jirgi idan na farko ya makara. Idan kuwa tikiti biyu ne da wani shafi ya haɗa, asarar tana kan fasinja, kuma yana iya buƙatar bizar ƙasar da ya yada zango don ya ɗauki akwatinsa. Na uku shi ne filin sauka. Istanbul tana da manyan filaye biyu: babban filin da ke ɓangaren Turai mai lambar IST, wanda aka buɗe a 2018, da Sabiha Gökçen mai lambar SAW a ɓangaren Asiya. Tsakaninsu tafiya ce mai nisa, don haka a tabbatar da wanda aka rubuta a tikitin dawowa.

Agogon Turkiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu duk shekara, kuma lokacin da ke jikin tikiti na garin da jirgin zai tashi ko zai sauka ne.

Masauki: a kama tun daga gida

Tun watan Maris na 2017 wata kotu a Turkiyya ta hana Booking.com sayar da ɗakunan otal-otal na ƙasar ga wanda yake cikinta. Daga waje ana iya kamawa ba matsala, amma wanda ya riga ya shiga ba zai iya neman sabon ɗaki a manhajar ba. Saboda haka a kama duk kwanakin tun kafin a tashi, a kuma ajiye hoton takardar tabbatarwa da adireshin otal ɗin.

Mai son Airbnb ya sani cewa daga Janairun 2024 doka ta wajabta wa masu ba da hayar gida na kwana 100 ko ƙasa da haka su mallaki lasisi. A nemi lambar lasisin a jikin tallar, ko a tambayi mai gidan. Duk wanda ya ce a bar manhaja a tura masa kuɗi ta gefe don ya yi ragi, a rabu da shi, domin idan aka fita daga manhajar babu mai dawo da kuɗin.

Unguwa ta fi yawan taurarin otal tasiri a kan kuɗin da za a kashe. Sultanahmet ita ce tsakiyar wuraren tarihi, ana zuwa yawancinsu da ƙafa, amma abinci ya fi tsada. Laleli da Aksaray sun dace da mai niyyar sayayya. Taksim tana da hada-hada har dare, da hayaniyarta. Üsküdar da Kadıköy a ɓangaren Asiya sun fi kama da rayuwar 'yan gari. Ko ina aka zaɓa, a buɗe Google Maps a auna tazarar otal ɗin da tashar jirgin ƙasa mafi kusa. Istanbul gari ne mai tuddai, kuma jan akwati na minti goma a kan hawa ba ƙaramin aiki ba ne. Wajen karanta sharhin baƙi, a fara da sababbi da kuma masu ƙorafi, nan ne ake jin batun ruwan zafi, lifta da tsafta.

Layi da data

Hanya uku ce. Amfani da datar layin gida a waje ita ce mafi tsada. Sayen layin ƙasar, wato Turkcell, Vodafone ko Türk Telekom, yana buƙatar fasfo, kuma farashin filin jirgi ya fi na cikin gari. Ta uku ita ce eSIM, layin da ake saukewa cikin waya ba tare da an sa kati ba.

A watan Yulin 2025 hukumar sadarwar Turkiyya ta toshe shafukan kamfanonin eSIM na waje da dama, ciki har da Airalo da Holafly. Ma'ana dole a saya, a kuma ɗora shi a waya tun ana gida, sannan a sayi datar da za ta isa, tunda ƙari daga can yana iya gagara. Don sanin ko waya tana karɓar eSIM, a danna *#06#. Idan lambar EID ta fito, tana karɓa. Wayoyin iPhone daga XR da XS zuwa sama galibi suna da shi, haka manyan wayoyin Samsung daga S20, amma yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi ba su da shi. Mai waya 'yar gwanjo ya duba ko ba a kulle ta da layin wani kamfani na waje ba.

Kada a bar layin gida a gida. Lambobin sirri da banki ke turowa kafin ya amince da biya ta nan suke zuwa. A bar layin a kunne, a kashe masa datar waje kawai. WhatsApp zai ci gaba da aiki da tsohuwar lamba ko da an sauya layin data.

Kuɗi

Kuɗin ƙasar shi ne lira. Bankunan Najeriya da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje a 2022, wasu kuma sun dawo da shi a 2025 tare da iyaka. Matafiyi ya tambayi bankinsa nawa ne iyakarsa, kuma ya riƙe dala ko yuro a hannu. Shagunan canji masu rubutun Döviz a cikin gari sun fi na filin jirgi farashi mai kyau, don haka a filin a canza na mota da abincin ranar farko kawai.

Idan na'urar biya ko ta cire kuɗi ta tambaya ko a caje da lira ko da dala, a zaɓi lira. Zaɓin dala yana ba na'urar damar yin canjin da nata farashin, wanda kusan kullum ya fi tsada. PayPal kuma ya daina aiki a Turkiyya tun 2016.

Zirga-zirga a cikin gari

Babban filin jirgin yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar birni. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin M11 yana kaiwa tashar Gayrettepe, inda ake sauyawa zuwa M2 mai bi ta Taksim, Vezneciler kusa da Laleli, har Yenikapı. Mai kaya da yawa zai fi jin daɗin motocin bas na Havaist. Daga Sabiha Gökçen kuwa layin M4 ne ke kaiwa Kadıköy.

Katin Istanbulkart shi ne mabuɗin sufurin birnin. Ana sayensa a na'urorin da ke tashoshi, a zuba masa kuɗi, kuma yana aiki a bas, jiragen ƙasa da jiragen ruwa. Layin T1 ne mafi amfani ga baƙo, domin yana ratsa Aksaray, Laleli, Beyazıt, Sultanahmet da Eminönü. Jirgin Marmaray, wanda aka buɗe a 2013, yana bi ta ƙarƙashin mashigin Bosphorus. Amma wanda ke son kallon birnin daga kan ruwa, ya hau jirgin ruwan haya daga Eminönü zuwa Üsküdar ko Kadıköy da katinsa, a kan ɗan kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da jiragen 'yan yawon buɗe ido.

Idan tasi ta zama dole, a kira ta BiTaksi ko Uber, domin manhajar tana nuna hanya da kiyasin kuɗi, tana kuma ajiye lambar motar. A sauke taswirar Istanbul a Google Maps tun daga gida, amma a sani cewa taswirar da aka sauke ba ta nuna hanyoyin bas da jirgi sai da data.

Abinci

Yawancin abincin Turkiyya bai da matsala ga Musulmi. Kalmar da za a riƙe ita ce domuz, wato alade, sai kuma meyhane, gidan abincin da ake sayar da giya. Wuri mafi sauƙi ga baƙo shi ne esnaf lokantası, gidan abincin 'yan kasuwa da ma'aikata, inda ake jera girki a bayan gilashi mutum ya nuna abin da yake so. Wake da shinkafa, wanda suke kira kuru fasulye da pilav, ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Akwai miyar mercimek, da döner, da lahmacun mai kama da siririyar gurasa da niƙaƙƙen nama, da burodin simit mai riɗi don karin kumallo, da ayran, wato nono mai ɗan gishiri. A Eminönü an san su da kifi a cikin burodi. Mai son yaji sosai ya taho da nasa, a cikin babban akwati.

Doka ta wajabta wa gidajen abinci su kafa jerin farashi a bakin ƙofa. Inda ba a gani ba, ko inda wani ke tsaye yana jan hannun masu wucewa, a ƙara gaba. Ruwa da kayan shayi a saye su a kantunan BİM, A101 ko Şok. A Google Translate kuma a sauke harshen Turkanci, sai kyamara ta riƙa fassara takardar abinci ko babu data.

Caja da fawa banki

Soket ɗin Turkiyya mai ramuka biyu ne zagayayyu irin na Turai, don haka caja mai ƙafa uku ta Najeriya tana buƙatar adafta. Fawa banki kuma a jakar hannu ake sa shi, ba a babban akwati ba, kuma iyakar da aka saba yarda da ita Wh 100 ce. Lissafin shi ne a ninka mAh da 3.7 a raba da 1,000. Mai mAh 20,000 ya kama Wh 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya kama 111, sai da izinin kamfanin jirgi. Mai 50,000 ya kama 185, ba a yarda da shi ba, ana iya ƙwace shi a wurin bincike.

Tsara ranakun ziyara

Fadar Topkapı, inda aka ajiye kayan tarihin Musulunci, tana rufe ranar Talata. Babbar kasuwar Kapalıçarşı tana rufe ranar Lahadi. Hagia Sophia ta koma masallaci a Yulin 2020, kuma daga Janairun 2024 baƙi masu zuwa kallo suna biyan kuɗin shiga. Masallacin Sultanahmet da na Süleymaniye, wanda aka kammala a 1557, kyauta ne. Masallacin Eyüp Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, ana zuwa da layin T5 daga Eminönü. Watannin Afrilu, Mayu, Satumba da Oktoba sun fi daɗin yanayi, Janairu kuwa akwai sanyi mai tsanani.

A daren tafiya, gwaji ɗaya ya isa: a sa wayar a yanayin jirgi, sannan a gwada buɗe tikiti, biza, adireshin otal, taswira da fassara. Duk wanda ya ƙi buɗewa, a gyara shi kafin a bar gida. A kuma rubuta adireshin otal da lambar wani ɗan'uwa a takarda a sa cikin fasfo, tare da lambar gaggawa ta Turkiyya, wato 112.