3.4 Ƙirƙirarriyar Basira da Tunanin Ɗalibi a Jami'a

A wannan sashe za a dubi yadda malamin jami'a zai bar ɗalibi ya amfana da ƙirƙirarriyar basira ba tare da ta raba shi da tunaninsa ba. Batun ya taso gadan-gadan ne tun ranar 30 ga Nuwamba, 2022, lokacin da kamfanin OpenAI na Amurka ya fito da manhajar ChatGPT.

Abin lura na farko shi ne yadda manhajar take aiki. An horar da ita ne da ɗimbin rubuce-rubuce, daga nan take hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Wato ke nan, tsara zance ta ƙware a kai, tantance gaskiya kuwa aikin mai karatu ne. Alal misali, a shekarar 2023 wata kotu a Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da manhajar ta ƙaga. Haɗarin ya fi yawa ga ɗalibin Hausa, kasancewar rubutun Hausa a intanet bai kama ƙafar na Ingilishi ba.

Jami'o'i sun rarrabu a kan lamarin. A watan Janairun 2023 jami'ar Sciences Po ta Faransa ta hana ɗalibai yin amfani da ita a ɓoye. A watan Yulin shekarar kuwa, jami'o'i 24 na Birtaniya da ke ƙungiyar Russell suka amince a koya wa ɗalibai yadda za su yi aiki da ita. Hani kaɗai bai wadatar ba, domin a wannan watan ne OpenAI ya janye manhajarsa ta gano rubutun na'ura saboda yawan kuskurenta.

Bisa wannan dalili, wannan bincike yana ganin mafita tana cikin tsarin aikin da malami yake bayarwa. Idan ana nazarin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, sai ɗalibi ya fara rubuta sharhinsa a aji. Bayan nan ya nemi sharhin manhaja, ya auna shi da littafin, ya fito da inda ta dace da inda ta kauce. Daga ƙarshe ya kare matsayinsa baki da baki a gaban malami. Wanda ya kwafo kawai zai tonu a nan, domin Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.