Sajen da Ke Lura da Barcin Yaransa

Duk motar da ta taso daga Illela ta nufi Sakkwato, ta albasa ce ko ta shanu, sai ta ratsa Gwadabawa ta bi ta Kware. A nan asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa yake, kuma kamar yadda Kanawa ke tsokanar juna da Dawanau, haka Sakkwatawa ke yi da Kware. Sojan da ke shingen binciken wannan hanya, ko wanda aka tura sintiri wajen Lafani kusa da iyaka, ya san wannan tsokana sarai. Ko wata guda ya yi bai runtsa ba, da wuya ya buɗi baki.

Aiki kuwa ya yi wa Runduna ta 8 da ke Sakkwato yawa. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. Ga 'yan bindiga ta gabas, wajen Sabon Birni da Isa. Ga mayaƙan Lakurawa ta yamma, wajen Tangaza da Gudu.

A Maris 2023 wani ƙaramin soja a sansanin Rabah ya harbe kwamandansa da abokan aikinsa biyu, sannan ya kashe kansa. Rundunar soja ta ce za ta yi bincike. Jama'a kuma suka shiga tambaya: shin ba wanda ya ga wata alama tun da wuri?

Likitoci na kiran ciwon da ke bin bayan mummunan tashin hankali PTSD. Sai a 1980 ya shiga kundin cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka, bayan abin da aka gani jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Mai shi yakan riƙa ganin abin da ya faru yana dawo masa, a mafarki ko ido biyu. Tayar babur ta fashe a bakin kasuwa, sai ya zabura ya kai hannu ga bindiga. Ya daina zama majalisa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, wani ya koma wa ƙwaya don ya samu ya rintsa. Ba ragwanci ba ne. Jikin da ya saba zaman ko-ta-kwana ne ya kasa sakin jiki bayan haɗari ya wuce.

Likita ba ya ganin waɗannan. Wanda ke gani shi ne sajen da ke raba gadi, da samanjan da ke kiran suna da asuba, da ƙaramin hafsan da ke cin tuwo kwano ɗaya da yaransa a daji. Da wannan sojojin ruwan Birtaniya na Royal Marines suka yi la'akari a ƙarshen shekarun 1990, suka fito da tsarin da ake kira TRiM. Ana horar da wasu daga cikin sojojin kansu, su zauna da wanda ya ga tashin hankali bayan kamar kwana uku, su sake zama da shi bayan wata guda. Ba magani suke bayarwa ba. Saurare suke yi, wanda abin bai sake shi ba su raka shi wurin likita. Amurka ma a 2009 ta fara tura saje-saje kwas na kwana goma, wanda aka tsara da Jami'ar Pennsylvania, su koyo dabarun juriya su koyar da na ƙasa da su.

A Najeriya wuraren da irin wannan horo zai fi kama jiki sanannu ne: Depot na Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, da makarantar hafsoshi ta NDA a Kaduna, da makarantun soja na Jaji. Abin da malamin fareti ya nuna wa kurtu a watanninsa na farko, shi zai ɗauka a matsayin soja. In ya ga ana yi wa mai kuka dariya, ya koyi ɓoyewa ke nan har ya yi ritaya.

Doka ta ɗan gyara hanya. A farkon 2023 aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ƙungiyar matan hafsoshin tsaro da 'yan sanda, DEPOWA, ita ma ta ɗauki aikin gina cibiyar kula da masu wannan ciwo a Abuja.

Sai dai Abuja da Illela akwai tafiya. Abin da sajen bakin iyaka ke iyawa a daren yau shi ne ya lura yaronsa ya kwana uku yana juyi a tabarma, ya ja shi gefe wajen mai shayi, ya sauke shi daga gadi, ya nema masa izinin ganin iyali. In abin bai lafa ba, ya shiga mota tare da shi zuwa wurin likitan soja a barikin Giginya.