Gidan Ajiyar Ƙasusuwan Dabbobin Da, Da Abin Da Ya Ke Koya Mana

Ya 'yan'uwanmu 'yan makaranta da malamanmu, a manyan biranen duniya akwai waɗansu gidaje da a kan tara dabbobi iri iri, da ƙasusuwansu, da fatunsu, domin masu neman ilmi su gani da idonsu. Na Landan an buɗe shi cikin 1881. Akwai kuma na Yamai, a ƙasar Nijar, wanda aka kafa cikin 1959, yanzu ana kiransa da sunan Boubou Hama.

A wannan gida akwai dabbobi masu rai, akwai kuma ƙasusuwan waɗanda suka shuɗe tun kafin 'yan Adam su zauna duniya. An tono irin waɗannan ƙasusuwa a Gadufawa, cikin hamada, kudu maso gabas da Agadas. A can aka sami wani kada da aka raɗa wa suna Sarcosuchus cikin 1966, tsawonsa ya kai ƙafa 30, ya kuwa rayu shekaru wajen miliyan 110 da suka wuce. To, kada ba ya zama sai inda ruwa ya ke. Ashe ke nan inda mu ke ganin rairayi tsantsa yau, dā koguna ne da dazuzzuka.

Masana sun ce halittu su kan sāke kama sannu a hankali, bisa ga wurin zamansu. Wani Bature mutumin Ingila, Charles Darwin, shi ya bayyana wannan cikin littafinsa na 1859, ya kuwa fara da misalin masu kiwon tattabaru. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Gafasa da Gaya da Ajingi. Makiyayi ya kan zaɓi bijimi mai kyau ya bar shi cikin garke, manomi ya kan ware zangarniyar gero mafi ƙwaya ya ajiye don iri. Ta haka aka sami bunaji da rahaji da gudali, alhali kuwa duk shanu ne. Abin da mutum ke yi cikin 'yan shekaru, fari da yunwa da cuta su kan yi shi a daji cikin dubban shekaru: wanda ya jure ya haihu, 'ya'yansa su gāji jimirinsa.

Ku dubi gaiwa ta fadamunmu. Kifi ce, amma tana da huhu, tana shaƙar iska. In ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka ta kwanta har damina ta dawo. Masana sun tabbatar danginta su ne mafi kusa da dabbobin tudu cikin dukan kifaye.

Amma fa akwai gargaɗi. Raƙuman dawa dā sun bazu daga Sanagal har Tafkin Cadi. Cikin 1996 guda 49 kaɗai suka rage, a wajen Kure kusa da Yamai, sai da aka hana farautarsu sa'an nan suka ƙaru. Mu da za mu koma garuruwanmu mu koyar, wajibi ne mu nuna wa yara gaiwa da bushiya da damo, su san darajarsu, kada jikokinmu su san su a ƙasusuwa kaɗai. Allah Ya ƙara mana fahimtar halittarSa, amin.